Hayaƙi a Kwarin Jiga

Malama Ruƙayyatu ta shekara talatin da ɗaya tana koyarwa a lakwal ɗin Belbeji, wato makarantar boko, kafin ta ajiye alli. Tun da ta ajiye, sai zama ya kama ta. Daga ɗaki sai tsakar gida, daga tsakar gida sai gidan suna ko na gaisuwa, shi ma a bayan moto. Jiki ya yi nauyi, ƙafafu suka soma kumbura, kuma duk ranar da ta je awon jini sai Hulda ta kalli abin awon, ta kalle ta, ta girgiza kai.

Hulda ma'aikaciyar jinya ce, 'yar Maraɗi, Kirista. Aiki ya kawo ta Belbeji shekara goma sha biyu da suka wuce, ta sauka a gidan da ke jikin na Ruƙayyatu. Katanga ɗaya ce tsakaninsu, gajera, ta kanta ake miƙa gishiri da labari. Ran salla naman Ruƙayyatu ke haurawa, ran Nowel, wato Kirsimeti, shinkafar Hulda ke haurowa. Ita ce ta tasa ta gaba da maganar tafiya a ƙasa, ta ce ƙwaya kaɗai ba za ta sauke mata hawan jini ba, sai ta motsa jiki. Ruƙayyatu ta ce mace kamar ta, ta fita tana zaga gari ba aike ba ziyara, ai kafin la'asar an ce kan Malama ya taɓu.

Suna cikin wannan ja-in-ja wata rana a asibiti sai ga Zuhaira ta shigo karɓar maganin cizon maciji da za ta ajiye a wurin aikinta. Ta durƙusa ta gaida Malama, ta ji abin da ake gardama a kai, sai ta ce in dai idon mutane ne damuwar, su zo wajenta ran Asabar. A can ba mai kallon su sai tsuntsaye.

Zuhaira ɗalibar Ruƙayyatu ce tun tana 'yar shekara takwas. In gaskiya za a faɗa, Malama ba ta riƙe wani abin kirki game da ita ba, sai dai cewa a layin baya take zama, kuma in aka ce ta tashi ta yi karatu muryarta ba ta kai wa allo. Yaran da Malama ta sa wa rai daban ne, ta san inda kowannensu ya ƙare. Ita wannan kuwa sai ji ta yi an ce ta shiga aikin gandun daji, daga baya kuma aka ce ita ce shugabar masu tsaron gandun gwamnati na Kwarin Jiga, can cikin kwarin Tarka.

Ran Asabar bayan sallar asuba Audi direba ya zo ya ɗauke su a motar ma'aikatar su Zuhaira. Kaka ce, an gama yankan hatsi, damman gero na jingine a gonaki ana jiran amalanke. Da suka bar gonaki suka shiga ƙasar kiwo, hanya ta zama sawun taya biyu cikin rairayi. Ruƙayyatu na sanye da takalmin kambas na ɗiyarta da wando a ƙarƙashin zane, kamar yadda aka umarce ta, tana jin kanta wani iri.

Wurin aikin Zuhaira ɗaki biyu ne na laka da rumfa, da randa, da moto ɗaya a jingine. Ta fito cikin kakin aiki, ɗankwali a ƙarƙashin hula, gora a rataye. Ta ba kowacce sanda, ta gabatar musu da abokin aikinta Mato, wani dogo marar yawan magana wanda ke ce mata Shef. Audi ya ce shi tafiyar ƙasa ba ta cikin aikinsa, ya shimfiɗa tabarma a rumfa. Su huɗu suka kama hanya rana na fitowa.

Ruƙayyatu ta zaci daji irin na hoton littafi za ta gani, mai duhu, itace kan itace. Wannan ba haka yake ba. Itatuwan a warwatse suke, kowanne da filinsa, kandili ya baje kai kamar laima, aduwa ta yi duhu, magariya ta sunkuyo da 'ya'ya ja. A tsakaninsu kuwa ciyawa ce har gwiwa, ta bushe ta yi launin sabuwar ƙwarya, iska na kwantar da ita tana tayarwa, iyakar ganin ido. Ruƙayyatu ta tsaya ta daɗe tana kallo. A Damargu aka haife ta, amma rabon da ta ga ciyawa tsaye haka, ba dabba ta taka ba lauje ya taɓa, tun tana yarinya a garin kakanta.

Zuhaira ta ce da gangan aka bar ta. Ba a kiwo a nan sai bazara ta yi tsanani, lokacin da ko'ina ya zama fako, shanu suka soma lasar ƙasa. A sannan ake buɗe gandun, Fulani da Abzinawa da mutanen ƙauyuka kowa ya shigo da dabbobinsa bi da bi. Ta ce shekara biyu da suka wuce wannan ciyawar ce ta fid da garke fiye da arba'in zuwa damina.

Tana tafe tana nuna musu abubuwa da bakin sanda, ba ta ɗaga murya. Ga sawun dila, ya wuce da asuba yana ɗingishi da ƙafar baya. Ga inda zabin daji suka yi wankan ƙasa. Ga jiga, wadda kwarin ya ci sunanta, ganyenta raƙumi ke so, mutane ma sun ci shi a shekarun yunwa. Ga anza, ga dashi. Ta ɓare wani reshe ta miƙa wa Hulda ta shinshina, Hulda ta ce wannan ai ƙanshin ɗakin kakarta ne. Karangiya ta cika musu bakin zane, Zuhaira ta durƙusa da matsefata ta cire wa Malama wadda ta shige mata a idon sawu, ta miƙe ta ci gaba da bayani kamar ba a yi komai ba.

Kusa da wani tabki da ya kusa ƙafewa ta ɗaga hannu, duk suka tsaya. Barewa uku ne a gefen laka, uwa da 'ya'ya biyu matasa. Suka ɗago kai, kunnuwa a miƙe, suka kalli mutanen na ɗan lokaci, sannan suka juya suka tafi da tsalle-tsalle, ba gudun tsoro ba, kamar dai sun tuna wani uzuri. Ruƙayyatu ta ga ashe ta riƙe hannun Hulda gam ba ta sani ba. Shekara talatin tana zana barewa a allo, ba ta taɓa ganin mai rai ba sai yau.

Suka tsallaka wani faffaɗan layi da aka kankare ciyawarsa tas, faɗinsa ya kai taku ashirin, ya miƙe kudu da arewa har ya ɓace. Mato ya ce layin tare gobara ne, duk ƙarshen damina sai an sake share shi. A hayinsa, ta gabas, Zuhaira ta kai su wurin da ta fi so. Fili ne da a da ko tsinke ba ya fitowa, aka haƙa masa ramuka masu siffar rabin wata don su tare ruwan sama, a bakin kowane rami aka dasa akwara, itacen ƙaro. Shekara uku ke nan, itatuwan sun kai ƙugu, wasu sun kai ƙirji. Dubu huɗu da ɗari biyu ne, in ji ta, ita da matan ƙauyuka uku suka reno su tun suna cikin leda. Nan da shekara biyu za a soma ɗibar ƙaro, kuma matan ne za su ɗiba. A nan ne kaɗai Ruƙayyatu ta ji muryarta ta ɗan tashi. Tana magana tana shafa kan wata ƙaramar akwara, ba ta damu da ƙayar ba.

Hantsi ya yi, suka zauna a inuwar aduwa suka sha ruwa, Hulda ta fito da ƙosai da dabino. Ta auna bugun hannun Ruƙayyatu ta ce ba laifi. Suna cikin ci sai Mato ya miƙe tsaye yana kallon gabas. Zuhaira ta bi idonsa. Can nesa, a ƙasan sama, akwai wani abu fari-fari kamar zare, wanda in Ruƙayyatu ce kaɗai da ta ce gajimare ne.

Zuhaira ta ɗebi ƙasa ta sake ta, ta ga inda iska ta kai ta. Ta duba waya, babu rezo, kira ba zai shiga ba. Ba ta yi salati da ƙarfi ba, ba ta ruɗe ba, sai dai fuskarta ta canza, Ruƙayyatu ta ga kamar wata ce daban ta tsaya a gabanta. Ta ce wa Mato ya ruga wurin aiki, ya hau tudu ya kira Belbeji, ya sa Audi ya lodo shebur da manjagara da buhunan wofi ya same ta a layi. Ita kuma za ta yi gabas, don akwai mata bakwai da suka shiga tsintar magariya tun safe, suna cikin kwari, ba za su ga hayaƙin ba sai ya zo kansu. Mato bai tsaya tambaya ba, ya tafi. Sai ta juyo.

"Madam, ina buƙatar ƙafarki," in ji ta. "Akwai rijiya arewa maso yamma da nan, kilomita huɗu. Yanzu makiyaya na can suna shayarwa, sun kai mutum talatin. In ba su zo ba, mu kaɗai ba mu iya tare wannan. Ku koma layi ku bi shi arewa har ku tarar da burtali, ku bi sawun shanu. Wuta ba za ta bi ta can ba. Ki nemi Baba Ila, ki ce ni na aiko ki."

Ruƙayyatu ta buɗe baki za ta ce ita da ko kasuwa ba ta zuwa a ƙasa, amma Zuhaira ta riga ta juya, tana sassarfa cikin ciyawa wajen hayaƙin, gora na dukan ƙugunta.

Suka kama layi su biyu. Da farko Hulda ce a gaba tana cewa a yi numfashi ta hanci, a daidaita taku. Rairayin layin mai laushi ne, ƙafa na nutsewa, kowane taku sai ka biya shi sau biyu. Rana ta hau. Ruƙayyatu ta ji zuciyarta na bugawa har cikin kunne, gumi na bin bayanta. In ta waiwaya sai ta ga zaren nan ya zama igiya, igiyar ta zama bango mai launin toka. Sai ta daina waiwaya.

Sun tarar da burtali, sun yi tafiya a cikinsa kamar ta rabin awa, sai ƙafar Hulda ta faɗa ramin gafiya. Ta zube a gefe tana riƙe da gwiwa. Ta gwada tashi, ƙafar ta ƙi ɗaukar ta. Ta lalubi wurin da yatsunta irin na mai aikin, ta ce ba karaya ba ce, targaɗe ne, amma tafiya ta ƙare mata. Ruƙayyatu ta ja ta zuwa gindin wani kandili da ke tsakiyar fako, inda ba ciyawa ko kaɗan, ta ajiye mata gorar ruwa. Hulda ta tura mata gorar ta ce ita mai tafiya ita ke da buƙata. Suka ɗan yi musu, suka raba, Hulda ta juye rabi a kwanon ƙosai.

"Yaya, tafi," in ji Hulda. "In kin ji jiri ki tsaya ki ƙirga ashirin, kada ki zauna. Ina nan ina miki addu'a."

Ruƙayyatu ba ta taɓa zama ita kaɗai a daji ba. Ba motsin kowa, sai kukan kurciya da ƙarar takunta. Ta tattare zane ta ɗaure a ƙugu, ta bar wandon a fili, ta ce wanda zai gani ya gani. Sau biyu jiri ya ɗebe ta, ta dogara da sanda ta ƙirga ashirin. A wani wuri burtalin ya rabu biyu, ta tsaya ba ta san wanda za ta bi ba, sai ta tuna yadda Zuhaira ke sunkuyawa tana duba ƙasa. Ta sunkuya. A hannun dama kashin shanun ɗanye ne, a hagu busasshe. Ta bi dama. Ba ta yi nisa ba ta jiyo kukan shanu da ƙarar jan guga, ta hau wani ɗan tudu, sai ga rijiya a ƙasa, dabbobi sun kewaye ta, raƙumi na jan igiya.

Ta so ta yi kira, murya ta ƙi fita. Haka ta gangara har tsakiyar shanu, mutane suna kallon wannan baƙuwa mai takalmin 'yan ƙwallo. Wani tsoho Bafillace mai malafa ya tare ta da ƙwaryar ruwa, ya ce ta sha tukuna. Ta kurɓa, ta ce Baba Ila take nema. Ya ce ga shi a gabanta. Ta ce gobara ce a gandu, ta gabas, Zuhaira ce ta aiko ta.

Tsohon bai sake tambayar ta komai ba. Ya juya ya yi wata irin kuwwa da Fillanci, wani Ba'abzine mai rawani ya maimaita da harshensu, nan take aka saki guga. Ruƙayyatu ta ga abin da ba ta taɓa gani ba, mutanen da ta sha ji ana cewa ba sa jituwa a bakin rijiya, ga su suna ɗora juna a raƙumi bibbiyu. Wasu suka sari ɗanyun rassan tumfafiya, wasu suka hau jakuna, wasu suka zuba da ƙafa. Mata suka cika jarkoki da salka suka ɗora a amalanken jaki, suka kama hannunta suka hau da ita. A hanya ta nuna musu kandilin, aka ɗauki Hulda, wadda ta riga ta yage gefen mayafinta ta ɗaure gwiwa.

Da suka iso layi rana ta take tsaka, sama ta yi ja, toka na sauka a kansu kamar fara. Motar Audi na nan, ana rabon shebur. Matan nan bakwai masu tsintar magariya suna zaune a gefe, kwandunansu a gaba, ɗaya na ta kuka ana ba ta baki, duk sun fito lafiya. Wutar kuwa ana ganin ta yanzu, doguwa, ta fi kilomita faɗi, tana tafe tana ƙara kamar ana yayyaga sabon yadi. Tsakaninta da layi babu komai sai filin akwara.

Ruƙayyatu na jiƙa buhu tana miƙawa, kunnenta na wajen Zuhaira da Baba Ila da Mato, waɗanda suka tsaya kusa da amalanke suna shawara. Mato na son a tsallaka a tari wutar a gabashin dashen, a buge ta da rassa kafin ta shiga. Baba Ila ya ce da wannan iskar ba mai iya tsayawa a gabanta, ciyawar can ta kai cinya, za a rasa mutum. Ya ce ko layin nan ma, in ta iso shi da ƙarfinta, tsallake shi za ta yi, in kuwa ta tsallake, sai kwarin duka har rijiya. Zuhaira na sauraron su, idonta a kan filin. Fuskarta ta yi baƙi da hayaƙi, hular ta ɓace wani wuri.

Sai ta ce a jera mutane a kan layi, taku goma-goma, kowa da reshe ko buhu. Za a kunna wuta daga bakin layin ta gabas, ta ci ciyawa a hankali tana komawa, ta je ta tarbi babbar, in sun haɗu babbar ba ta da abin ci.

"Shef," in ji Mato, "dashen namu yana ciki."

"Na sani. Ba ni ashana."

Ita da kanta ta kunna. Ta ɗaure busasshiyar ciyawa a bakin sanda, ta bi gefen layin da sauri tana dangwala wuta, mutane na bin ta suna kashe duk harshen da ya juyo yamma. Ruƙayyatu ta ga ƙananan itatuwan nan suna kamawa ɗaya bayan ɗaya, ganyen na naɗewa, ramukan rabin wata na cika da baƙar toka. Ta dubi Zuhaira ko za ta ga ta waiwaya. Ba ta waiwaya ba. Tana tafe tana kiran mutane da sunayensu, wane matsa kudu, wane bar nan ka taimaki wane, kuma muryar na kai wa har ƙarshen layi. Dattawa masu furfura, masu raƙuma da garke, suna jin ta suna yi.

Wuta ta tsallaka a wuri biyu. Na farko aka taka shi da ƙafa. Na biyu ya kama wata busasshiyar magariya ya soma yaɗuwa, Zuhaira da wasu mutum biyar suka faɗa masa da buhu da ƙasa har ya mutu, a nan ne wani reshe mai ci ya faɗo mata a hannu. Ta karkaɗe shi ta ci gaba. Can wajen azahar wutar biyu suka haɗu a tsakiyar filin, suka yi wata irin tashi sama da ƙara, har jakuna suka firgita, sannan abin ya faɗi. Sai hayaƙi kawai da kututture masu ci nan da can.

Mutane suka zube a kan layi suna tari. Aka zaga da ruwa. Masu salla suka yi taimama suka yi azahar a kan rairayi, Hulda na zaune a amalanke ƙafa a miƙe, ta buɗe jakarta ta mai da wurin asibiti, wannan a wanke masa ido, wancan a cire masa ƙaya. Da ƙyar aka kawo mata Zuhaira. Bayan hannunta na hagu ya saluɓe har wuyan hannu. Hulda na wankewa tana faɗa, ita kuwa tana ba Mato umarnin yadda za a raba masu gadi, don kashin shanu da kututture kan riƙe wuta kwana biyu, iska na tashi su farfaɗo.

Baba Ila ya zo ya tsuguna kusa da ita, ya ce akwara itace ne mai taurin rai, waɗanda saiwarsu ta yi nisa za su tofo in ruwa ya sauka. Zuhaira ta ce wataƙila kashi ɗaya cikin uku. Sauran kuma akwai iri, akwai leda, ramukan ma suna nan ba su ƙone ba. Abin da ya fi damun ta shi ne yadda za ta je ta gaya wa matan ƙauyukan nan uku. Ta faɗi haka ne tana kallon yamma, inda ciyawa ke nan tsaye yadda suka same ta da safe.

Ruƙayyatu na tsaye da kofin ruwa a hannu, tana ta neman abin da za ta ce. Ta saba yabon yara, tana da kalmominsa a baki, amma duk wanda ta ɗauko sai ta ji ya yi ƙaranci. Daga ƙarshe ta miƙa mata kofin da hannu biyu ta ce, "Sannu da aiki, Shef."

Zuhaira ta sunkuyar da kai tana dariya, ta ce don Allah Madam ta bari. Ta ce an gaya mata a ƙasa da awa ɗaya da rabi ta kai rijiya, ko Mato sai ya yi da gaske. Sannan ta roƙe ta alfarma ɗaya: ita ba za ta koma gida ba sai jibi, in sun isa Belbeji ta biya ta gaya wa mahaifiyarta, don labarin gobara zai riga su isa, kuma za a ƙara masa gishiri.

Sun shiga gari la'asar sakaliya. Aka sauke Hulda a gida, maƙwabta suka kama ta suka shigar. Ruƙayyatu ko wanka ba ta tsaya yi ba, ta sa Audi ya kai ta unguwar su Zuhaira. Ta sami Inna A'isha a tsakar gida, tsohuwa 'yar ƙarama, tana zaune a tabarma da faifan zogale a gabanta, ba ta taɓa shi ba. Labari ya riga ya zo mata, an ce mutum uku sun mutu.

Ruƙayyatu ta ce ba wanda ya mutu, ɗiyarta lafiya lau, sai ɗan ƙuna a hannu, kuma an ɗaure. Daga nan ta zauna ta ba ta labari tun daga farko, matan da aka fitar daga kwari, da mutanen rijiya, da yadda aka jera a layi, da ashanar. Ta daɗe tana magana. Tsohuwar na saurare, ba ta katse ta ba, tana murza bakin zanenta. Da ta gama, sai Inna A'isha ta yi hamdala, sannan ta ce, "Malama, ta ci wani abu kuwa?"

Ruƙayyatu ta yi tunani. Ƙosan Hulda ma tana gani Zuhaira ta ɗauki ɗaya, ba ta kai baki ba Mato ya miƙe. Ta ce ba ta ga ta ci ba.

Tsohuwar ta ce ta sani, haka take tun tana ƙarama. Ta leƙa waje ta tambayi Audi ƙarfe nawa zai koma gobe, ya ce da sassafe, zai kai musu ruwa da manjagara. Ta ce to ya biyo ta nan, akwai dambu da fura da zai tafi da su, kuma ba na mutum ɗaya ba, tunda akwai masu gadi. Ta shiga ɗaki ta fito da tsaki a ƙwarya, ta hau hura wuta. Ruƙayyatu ta so tashi ta tafi gida, ƙafafun suka ce ba yanzu ba. Sai ta cire takalmin ta ajiye a gefe, ta jawo faifan zogalen gabanta ta soma tsinkewa.